Amsa ga mai tambayar abin da zai shuka wa barewa a inuwar daji

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Tun jiya na ga tambayarka, aiki ne bai barni na zauna na rubuta ba. In na fahimce ka daidai, kai da abokinka wani mai fili a nan jihar Pensilbeniya ta Amurka ya baku izinin farauta a dajinsa, kuka watsa tanif (turnip, kayan lambu mai ƙaton saiwa) da waken suya a ƙarƙashin itatuwa don barewa su saba da wurin, abu ya fito siri-siri yayi rawaya ya kwanta, shine kake tambaya wane iri ne yake jure inuwa.

To gaskiya kar ka sake sayen ko buhu ɗaya yanzu. Rana ce babu a wurin, kuma in babu rana duk irin da ka kawo haka zai yi maka. Waken suya da masara da tanif duk 'yan fili ne, suna son rana kamar awa 6 zuwa sama kullum, waɗanda ake cewa suna jure inuwa ɗin ma irinsu kuloba (clover, gajeruwar shuka mai ganye uku-uku) da hatsin rai (rye, dangin alkama) sai sun samu kamar awa 4 rana na dukansu kai tsaye, ba ɗan hasken nan da yake ratsowa ta tsakanin ganye ba. Masu sayar da iri zasu manna hoton ƙaton barewa a jikin buhu su rubuta wai watsa kawai ka tafi, ni dai na daina kulasu, in ka juya bayan buhun ka karanta sau da yawa rabinsa ciyawar raigiras ce, tana fitowa kore shar ta burge ido amma barewa basu damu da ita sosai ba, kuma in ta zuba 'ya'ya ta kama wuri fitar da ita aiki ne. Hatsin rai daban raigiras daban, sunan ne kawai yayi kama, ka lura da wannan in kaje shago.

Abin da nake yi kafin komai, ina zuwa wurin a watan Yuli lokacin da ganye ya cika, da hantsi da azahar da la'asar, in tsaya in ga ina rana take taɓa ƙasa. Kar kaje a Afrilu ka ga wuri fayau ka ɗauka haka yake, lokacin itatuwan basu gama fitar da ganye ba. In akwai tsohuwar hanyar motocin katako a dajin, ko filin da suke tara gungume, to kai tsaye can zaka nufa, an riga an buɗe maka sama. In babu sai zarton inji. A nan rana ta gefen kudu take bi, don haka itatuwan kudu da kudu maso yamma su ne suke tare maka haske, na arewa ka ƙyalesu. Amma don Allah ka zaga da mai filin ya nuna maka da hannunsa wanda zaka sare, don itacen ceri da ok kuɗi ne masu kauri a jihar nan, ka kayar masa da guda ɗaya mai kyau shikenan kun ɓata. Farin ok ma ko an baka izini kar ka taɓa, 'ya'yansa in suka fara zuba a Satumba da Oktoba barewa suna barin komai su koma kansu. Itacen jan mafal shine nake fara kayarwa, yana da yawa, kuma in ya faɗi barewa suna cin tohon rassan, kututturen ma ya sake tofo su dawo su ci. Ni a wurina wannan saran kaɗai, kafin in shuka komai, ya ƙara min sawun barewa, saboda rana na taɓa ƙasa ƙayoyi da ƙananan tsirrai suka taso da kansu. In baka saba da zarto ba ka nemi wanda ya saba, itace in ya maƙale a jikin ɗan uwansa yana kisa.

Sai ƙasa. Ƙasar daji a nan yawanci tsami gareta, pH ɗinta, wato ma'aunin tsamin da ƙaramar lamba take nuna yawansa, zaka ganshi wajen 5 ko 5.5, kuloba kuma tafi son 6 zuwa 7. In tsamin yayi yawa ko ka zuba taki shuka bata iya ɗauka yadda ya kamata, asarar kuɗi ce kawai. Ofishin malaman gona na jami'ar Penn State a ƙaramar hukumarku suna sayar da 'yar jakar gwajin ƙasa, ba tsada, ka ɗebi ƙasa wuri-wuri ka gauraya ka aika, zasu rubuto maka yawan laim ɗin da zaka zuba, wato garin dutsen nan mai kashe tsami. Kar kayi mamaki in sunce tan 2 a eka. In filinka kwatan eka ne kaga fam 1,000 kenan, buhu 25 na mai fam 40, kuma in mota bata shiga a kafaɗa zaka kaisu, shi yasa nake cewa mutane su fara da ƙaramin wuri. Laim yana ɗaukar watanni kafin yayi aiki, ka zuba da wuri.

Busasshen ganyen da ya rufe ƙasa kuma dole ka kwasheshi tas da manjagara ko injin hura ganye har sai ka ga baƙar ƙasa, ka ɗan karceta. Iri in ya faɗi a kan ganye zai tsiro saiwar bata kai ƙasa ba, rana biyu na zafi ya mutu.

Abin shukawa kuwa, hatsin rai da farar kuloba, a haɗe. Ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Satumba, ka duba hasashen yanayi ka watsa ana gobe ruwa. Kwatan eka fam 25 na hatsin rai da kamar fam 2 na kuloba ya isheka. Fara watsa hatsin ka ja manjagara a kai, sannan kuloba daga sama ka tattake da ƙafa, ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai in ka binneta ta wuce kwatan inci bata fitowa, ni ina gaurayata da yashi don kar hannu ya zubar da ita wuri ɗaya. Dalilin shukar kaka, ka tuna gawo a gida yadda yake kakkaɓe ganyensa da damina gero ya samu rana a ƙarƙashinsa, to itatuwan nan da kaka suke kakkaɓewa, hatsin rai kuma baya tsoron sanyi, yana nan kore lokacin da komai ya bushe, dama lokacin ne kake son barewa su shigo. Sai dai ganyen da ya zubo ɗin nan shine zai danne maka shukar, dole ka koma a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba ka hure shi, mutane da yawa a nan suke rasa wahalarsu. Kuloba a shekarar farko bata nuna kanta sosai, saiwa take yi, sai bazara zaka ganta. A Maris lokacin da ƙasa take daskarewa da dare ta narke da rana ka ƙara watsa kaɗan a inda yayi sanƙo, ƙasar da kanta zata ja ƙwayar ciki. Taki kuma mai lamba 0-20-20 a jikin buhu, wato marar naitirojin, zaka nema mata, kar ka sa yuriya, ciyawa kawai zaka ciyar.

Wani ɗan abu da zai hanaka ruɗewa, ka kafa zagayen waya kamar faɗin taku ɗaya a tsakiyar filin yadda bakin barewa baya kaiwa ciki. In na ciki ya kai gwiwa na waje kamar an aske, to shuka tayi, cinyewa ake yi, sai ka faɗaɗa wurin. In ciki da waje duk ɗaya ne, koma kan rana da laim.

Maganar doka, shuka irin wannan a filin mutum halas ce a Pensilbeniya, amma zuba masara ko gishiri kayi farauta a kai haramun ne a mafi yawan jihar, kuma tun da aka gano cutar barewa da ake kira CWD a jihar a 2012 akwai yankunan da ko ciyar da barewa an hana. Dajin gwamnati kuma ba a sara ba a shuka. Ka duba littafin dokar da ake bayarwa tare da lasisin farauta na bana. Sannan ka tura ƙafar wando cikin safa in zaka shiga, kaskar dajin nan tana sa cutar Lyme. In ka samu dama turo hoton wurin da azahar, ka ɗaga wayar sama ka ɗauko rassan, da sakamakon gwajin ƙasar in ya fito, sai mu ga itatuwa nawa zasu faɗi.