Amsa ga ƙanwarmu da ta haddace kalmomin Litireca amma ta kasa feɗe waƙa

Ƙanwata, sannu. Tun da safe na ga tambayarki, na kasa wucewa. Kin ce kin haddace ma'anar kalmomin nazarin adabin Turanci shafi-shafi, su simili da metafo da sauransu, amma da zarar an ajiye waƙa a gabanki sai kanki ya ɗaure, ga WAEC ta matso, ga shi aikin lauya kike son karantawa, kina tambayar waɗanne kalmomi ne dole a riƙe. Inda kika ce kin fara tunanin ko ke ce ba ki da ƙwaƙwalwa, nan ne ya sosa mini rai. Wallahi ba ƙwaƙwalwarki ba ce. Irin koyarwar da aka yi mana ce, ni da ke.

Mu malaminmu yana shigowa aji sai ya juya mana baya, ya cika allo da ma'anoni, mu kwafa, washegari ya zo da tsumagiya ya karɓi hadda. Bai taɓa karanta mana waƙa da murya ba, ko sau ɗaya. Ranar da ba zan manta ba, ya ce in miƙe in faɗi sunan salon nan da ake ba abin da ba mutum ba halin mutum. Na san amsar sarai, amma kin san yadda harafin farko na kalmar yake fita a bakinmu, sai na ce fasonifikeshin. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya sake cewa in maimaita, yana kwaikwayon bakina, aji ya kwashe da dariya har 'yan ajin da ke maƙwabtaka da mu suka leƙo ta taga. Ina tsaye riƙe da gefen benci, hijabina ya jiƙe da gumi, ƙafata tana rawa. Sai ya ce masu irin wannan baki gara su koma ajin Hausa, ko su tafi gidan miji su huta. Kuma abin da ya fi ci mini rai, shi ma Bahaushe ne ɗan'uwanmu, da wannan bakin aka haife shi. Har na gama makarantar akwai yaran da ba sa kirana da sunana sai da wannan kalmar. Ban ƙara ɗaga hannu a ajinsa ba. In na ga darasinsa a jadawali tun daren jiya cikina ke murɗawa. Sakamako ya fito na samu D7, ke kin san D7 ba ta kai mutum sashen shari'a. Mahaifina bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi Allah ya sa haka ne mafi alheri, kuma wannan ya fi duka zafi, don na san yadda ya haɗa kuɗin rajistar. Na yafe wa malamin nan don Allah, amma har yau in na tuna sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Malaman da ke cikin wannan zaure, don girman Allah ku daina yi wa yaro dariyar lafazi. Mai maki a WAEC rubutu yake gani, ba ya jin muryar kowa.

Wadda ta cece ni yayar ƙawata ce, kuma Hausa ta karanta a jami'a, ba Turanci ba. Lokacin ina shirin sake zama a jarrabawar ƙarshen shekara. Ta tambaye ni, in Inna ta same ki kina barci da hantsi ta ce miki sannu da aiki, gaishe ki take yi? Na ce a'a, gatse ne. Ta ce to shi ne ayironin da ake ta ba ki tsoro da shi, a faɗi magana ana nufin kishiyarta. Daga nan ta bi su ɗaya bayan ɗaya. In aka ce yaron nan kamar wuta yake, kamantawa ce, simili ke nan, domin akwai "kamar". In aka ce yaron nan wuta ne, an cire "kamar" an mai da shi wutar gaba ɗaya, siffantawa ce, metafo ke nan. Na kira ka sau dubu, kambamawa. Ya riga mu gidan gaskiya, an sakaya mutuwa don a rage mata ɗaci, yufemizim. Abuja ta ce a ƙara kuɗin mai, ai garin bai yi magana ba, gwamnati ake nufi, an kira abu da sunan abin da ke tare da shi, metonimi. Kwano ya faɗi ƙwal, kalmar tana kwaikwayon ƙarar. Ina rubuta miki su yadda muke faɗarsu a baki, ke ki duba yadda ake rubuta kowacce a littafinki, don kuskuren harafi yana rage kwarjinin amsa. Abin da nake so ki gane, tun kina goye kike jin waɗannan salailai a bakin iyayenki.

To amma ko da na gane su, sai ta ce mini har yanzu da sauran aiki. Ta ce wadda ta haddace sunayen kayan miya ba ta yi girki ba tukuna. Nan ne matsalarki take, ina da yaƙini. Kiran sunan salo shi kaɗai makinsa kaɗan ne a amsar rubutu. Abu uku za ki riƙa yi kullum: ki faɗi sunan salon, ki kawo ainihin kalmomin da ya fito a cikinsu, sannan ki faɗi aikin da ya yi a wurin. Na ukun nan shi ne ba a koya mana. A ce mawaƙi ya rubuta cewa yunwa ta shigo gari da dare, tana bi gida-gida tana ƙwanƙwasa ƙofa. Ɗalibi zai rubuta cewa akwai mutuntarwa, wato fasonifikeshin ɗin nan, ya ajiye biro. Ke kuwa sai ki ce an mai da yunwa mutum mai ƙafa da hannu, ta zo da dare lokacin da ɓarawo ke zuwa, kuma "gida-gida" ya nuna ba wanda ta tsallake, mai kuɗi da talaka, saboda haka mai karatu yana jin tsoro da rashin mafaka. Kin ga layi ɗaya ya ba ki sakin layi guda. Duk sanda kika kama wani salo, ki tambayi kanki, da mawaƙin ya faɗi maganar kai tsaye, me za a rasa? Amsar wannan tambayar ita za ki rubuta.

Waɗanda suka fi kayar da mutane tagwaye ne masu kama da juna. Ton da mud: na farko shi ne yadda mai magana yake ɗaukar abin da yake magana a kai, da fushi ne, da ba'a, da kewa ko da girmamawa, na biyu kuwa yanayin da ke sauka a zuciyarki ke mai karatu. Mutum zai iya ba da labarin kisa da murya mai sanyi, ke kuma tsigar jikinki ta tashi. Sai jigo. Kada ki rubuta kalma ɗaya, "soyayya" ko "mutuwa", ki ce kin faɗi jigo. Me aka ce game da soyayyar? Ki mai da shi jimla, misali kishi yana sa mai hankali ya gaskata ƙarya a kan wanda ya fi so. Kuma ki raba mawaƙi da mai magana a cikin waƙa, wanda suke kira fasona. Namiji zai iya rubuta waƙa da muryar bazawara, "ni" ɗin da ke ciki ba shi ba ne. Haka labari daban, zubi daban: labari shi ne abin da ya faru, zubi shi ne yadda marubuci ya jera shi, inda ya fara, inda ya yi waiwaye, abin da ya ɓoye sai ƙarshe.

Kada ki yi wasa da Shakespeare, ina roƙonki. A takarda ta farko, ta canki-canka, tambaya 50 ce, kuma 20 daga cikinsu a kan wasansa suke, 20 a kan sanin kalmomin nan gaba ɗaya, sauran 10 a kan waƙa da zube waɗanda ba ki taɓa gani ba. Mu Othello aka sa mana, shi ne a manhajar 2016 zuwa 2020, ke ki duba na shekararku. A cikinsa na fahimci ayironin wasan kwaikwayo, wanda ya bambanta da gatsen Inna. Iago, mugun da ke cikin wasan, yana tsayawa shi kaɗai a dandamali ya faɗa wa 'yan kallo duk makircin da yake ƙullawa, wannan shi ne soliloki, mutum ya yi magana shi kaɗai a ji abin da ke ransa. Sai kuma ga Othello yana ta kiransa mai gaskiya, yana ba shi amana, har Othello ya kashe tasa matar, Desdemona, a kan wani hankici. Mu mun sani, shi bai sani ba, wannan tazarar ita ce ayironin. Ranar da na gama karanta shi sai da na yi kuka, saboda na san matan da aka rusa wa aure da irin wannan tsegumin, a unguwarmu ma an yi. Akwai kuma asayid, gajeriyar magana da ɗan wasa ke yi a gefe alhali akwai mutane tare da shi, a ɗauka ba su ji ba. Suna son tambayar bambancin waɗannan biyun. Tambayoyin wasan kuwa yawanci za a yanko magana ne a ce wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, a ina. Ƙananan littattafan taƙaitawa da ake sayarwa a bakin makaranta ba za su fitar da ke a nan ba. Ki karanta wasan kansa, ko da shafi biyu ne a rana, ki samu ƙawa ku raba 'yan wasan ku karanta da murya.

Ma'aunin waƙa shi ne ya fi ba ni wuya, kuma akwai dalili. Rubutacciyar waƙar Hausa, irin ta Larabci, tsawon gaɓa take aunawa, mai nauyi da marar nauyi. Turanci kuwa inda ake danna murya yake aunawa. Ayambik fentamita da kike ji ana faɗa gaɓa 10 ce a ɗango, wato layin waƙa, ƙafa 5, kowace ƙafa gaɓa mai laushi sai mai ƙarfi, ta-TAM, ta-TAM, har sau biyar. Ki riƙa buga tebur da yatsa kina karantawa, kunnenki zai saba. In an yi wannan ma'aunin ba tare da amsa-amo ba, shi ne bilank bas, kuma da shi Shakespeare ya rubuta mafi yawan wasanninsa. Sonet ɗango 14 ce. Ta Shakespeare tana zuwa huɗu, huɗu, huɗu, sai biyu na ƙarshe masu amsa-amo ɗaya, ta Italiya kuma takwas da shida. Ki nemi inda tunanin mawaƙin ya juya, a ta Italiya wajen ɗango na tara ne, nan maki yake kwance. In magana ta fara a ɗango ba ta ƙare ba sai a na gaba, injamment ke nan, masu nazarin waƙar Hausa suna ce masa gangara. Shi ma kada ki tsaya a suna, ki ce ya sa waƙar gudu, ko ya nuna mai maganar ya kasa tsayar da numfashi.

Af, har a takardar Ingilishi ma haka abin yake. Tambayar nan da ke zuwa kusan kullum bayan nassin fahimta, inda ake yanko wani yanki a ce mene ne sunansa a nahawu kuma mene ne aikinsa, ai suna ne da aiki. Ki iya rarrabe yankin jimla mai ɗauke da aikatau da wanda ba shi da shi, ki san mai aikin suna da mai siffanta suna da mai bayyana aikatau, kin gama da ita. Shi kuma dikshin, wato zaɓen kalmomi, ki daina rubuta cewa kalmomin masu sauƙi ne kawai. Ki tsamo uku ko huɗu ki nuna daga ina aka ɗebo su, daga fagen yaƙi ne, ko kasuwa, ko wurin ibada, kuma me ya sa.

Wani abu da manyan masu makin WAEC suke yawan kuka da shi a rahotonsu shi ne ɗalibai suna zuba labarin littafi daga farko har ƙarshe, su bar abin da aka tambaya. In an ce ki tattauna rawar da wani ya taka, shi za ki riƙe, duk abin da bai shafe shi ba ki bar shi. Ki nemi tambayoyin shekarun baya, ki amsa da agogo a gabanki. Kuma duk wanda ya ce miki ki kawo kuɗi zai turo miki amsa daren jarrabawa, ki toshe lambarsa. Na ga waɗanda aka riƙe wa sakamako, na ga kukan iyayensu.

Ni da na sake zama na samu kiredit ɗina, Alhamdu lillahi, duk da cewa zancen shari'a ya riga ya wuce ni, Turancin na karanta. Ki riƙa cin abinci, ki riƙa barci, na ga ƙarfe biyun dare kika turo tambayar nan. In akwai wanda yake faɗa miki magana mai karya zuciya a makaranta, ki gaya wa Mama ko wata malama da kika yarda da ita, kada ki haɗiye ke kaɗai. Ki turo sunan waƙar da ta fi ba ki wuya a cikin waɗanda aka sa muku, in na dawo daga aiki bayan isha'i mu feɗe ta a nan ɗango-ɗango, sauran 'yan'uwa masu shirin jarrabawa su ma su gani. Allah ya ba ki sa'a, ya sa ki fito da A1.