Ragin Black Friday a Kan Kyamara: Nawa Za Ta Tsaya Maka Idan Ta Iso Gombe?

Da Nuwamba ya kama sai tambayoyin waya da kwamfuta su ja baya a wannan fili, na kyamara su cika akwati. Dalili a fili yake: lokacin bukukuwa ya ƙarato, masu ɗaukar hoto suna son sabon kayan aiki kafin Disamba, ga tallace-tallacen rangwame ta ko'ina. Ga waɗanda na zaɓo a wannan makon.

Tambaya daga wani mai hoton biki a Jekadafari: Malam, Canon 700D nake aiki da ita, ina so in koma marar madubi (mirrorless), wato sabon samfurin kyamara da ba shi da madubi a ciki. Na ga shagunan Amurka suna tallar ragi mai yawa. In jira Black Friday ko in saya yanzu?

Ƙanena, ka jira, amma ba jiran zama ba. Black Friday ita ce Juma'ar da ke bin Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, ranar bikin godiya na Amurkawa, kuma Litinin da ke biye suna kiranta Cyber Monday. Sai dai yanzu ragin kyamara ba ya jiran wannan rana. Kamfanonin da ke ƙera ta, irin su Sony da Canon da Nikon, su ne ke yanke ragin, su sanar da dillalansu, ya ɗauki makonni. Shi ya sa idan ka buɗe shafukan manyan shagunan Amurka irin B&H da Adorama da Amazon za ka tarar farashin kusan ɗaya ne. Kada agogon nan da ke ƙirga saura awa biyu ya tayar maka da hankali.

Aikin da za ka yi yanzu shi ne ka tsayar da kyamara ɗaya ko biyu, ka san farashinsu na yau da kullum. Akwai shafuka biyu, CamelCamelCamel da Keepa, da ke nuna tarihin farashin kaya a Amazon wata bayan wata. A nan za ka gane ko ragin gaske ne, ko kuwa farashin ranar fitowar kyamarar aka rubuta aka ja masa layi alhali ta daɗe da sauka daga can.

Inda mutanenmu ke ruɗewa shi ne lissafi. A ce kyamara dala 1,000 ce, an rage kashi 15, ta koma 850. Wannan 850 ba shi ne abin da za ka biya ba. A Amurka harajin sayayya ba ya cikin farashin da ake nunawa, sai ka zo biya a ɗora shi gwargwadon adireshin da za a kai kayan. A birnin New York ya kusa kashi 9, a jihar Delaware ko Oregon babu shi kwata-kwata, abin da ya sa masu jigilar kaya da yawa ke ajiye rumbunsu a irin waɗannan jihohi. Sai kuɗin jirgi zuwa Legas, sai abin kwastam da harajin VAT na kashi 7.5, sai kuɗin motar da za ta kawo maka Gombe. Uwa-uba canji. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kowa ya ga yadda dala ke iya motsawa cikin 'yan makonni. Idan ta hau da kashi 10 tsakanin yau da ranar biyanka, yawancin ragin nan ya tafi. Saboda haka ka fitar da jimillar a naira, har zuwa hannunka, sannan ka kira dillalai biyu ko uku a Computer Village ta Ikeja ko a Kano ka ji nasu. Sau da yawa tazarar ba ta kai wahalar ba, wani lokacin kuma ta kai. Lissafin ne kawai zai gaya maka.

Game da wacce za ka ɗauka, ra'ayina a nan ba ya canzawa: ragi mai ma'ana yana kan kyamarar da magajiyarta ta riga ta fito. Sabuwar fitowa ba a cika taɓa farashinta sosai ba. Sony A7 III ta fito a 2018 a kan kusan dala 2,000, A7 IV ta biyo ta a 2021, amma har yau ta farkon tana ɗaukar biki ba tare da kunya ba. Haka Canon R6 ta 2020 bayan fitowar R6 Mark II a 2022. Tunda kai ɗan gidan Canon ne, gilasanka (lens) na EF, wato irin na 700D ɗinka, za su yi aiki a kan kyamarorin R, marasa madubin Canon, ta hanyar adaftar EF-EOS R, kuma suna kama hoto da kyau. Wannan kaɗai ya fi duk wani rangwame da za a yi maka, don sauya gida yana nufin sayen gilasai daga farko.

Abu ɗaya da ba zan sassauta maka ba: ramin memori biyu. R6 tana da biyu, A7 III da Nikon Z5 ma haka. R8 da RP guda ɗaya gare su, komai araharsu. Ranar da memori ya lalace da hotunan kamu a ciki, babu wanda zai sake tara dangin amarya dominka.

Tambaya daga wata mai sayar da atamfa da turaren wuta a Pantami: Bidiyon kayana nake yi da waya ina sawa a Instagram da TikTok. An ce in sayi Canon M50 tunda ta yi araha. Ya ka gani?

Hajiya, kafin kuɗi su fita, ki gwada wayarki a bakin taga da safe, ko ki sayi fitilar ɗaukar bidiyo da ƙaramar makirfo. Yawancin bidiyon da ke fitowa dishi-dishi matsalar haske ce. Idan kin yi haka har yanzu launin atamfar bai fito yadda yake a ido ba, to a yi maganar kyamara.

M50 kyamara ce mai kyau, amma araharta da dalili. Canon ya daina layin EOS M, wanda M50 ke ciki, gaba ɗaya, ba ya ƙera masa sabbin gilasai, kuma gilashin M ba ya hawa kyamarorin R. Idan ta hannu ce a farashi mai sauƙi ƙwarai, kuma ba ki da niyyar faɗaɗawa, babu laifi. Idan kuwa kuɗin ya kusa na Canon R50 ta 2023, ko Sony ZV-E10 ta 2021, ko Nikon Z30 ta 2022, ɗauki ɗaya daga cikinsu. Dukkansu allonsu na juyowa ya kalle ki, kuma irinsu ne ake yawan yi wa ragi a ƙarshen shekara. ZV-E10 tana da wani saiti da aka yi don masu nuna kaya: da kin ɗago kwalbar turare gaban kyamara sai ta bar fuskarki ta kama kwalbar. Ki sani dai ita da Z30 ba su da wurin leƙawa da ido, allo kawai, wanda ke wahalar gani a tsakar rana. Ga mai aiki cikin shago wannan ba komai ba ne.

Tambaya daga wani ɗalibi a Bauchi: Na ga kyamara haɗe da kaya goma sha biyar, jaka da sandar kafawa da memori da gilasai biyu, kusan farashin kyamarar ita kaɗai. Ba garaɓasa ba ce?

Araha ba ta ado, ɗan'uwa. Waɗannan “gilasai biyu” galibi ba gilasai ba ne, wasu ƙananan abubuwa ne da ake murɗawa a bakin gilashin asali, su ɓata gefen hoto. Sandar ba ta iya riƙe kyamara idan iska ta taso, memorin kuma sau da yawa ba ya da saurin da bidiyo mai tsananin kaifi na 4K ke buƙata. Irin wannan haɗi yakan fito daga masu sayar da kayan da aka shigo da su ta bayan dillalan kamfani, don haka garantin kamfanin ba ya kansu. A Amazon ko Jumia ko Konga ka duba sunan mai sayarwa a ƙasan farashi, domin kasuwanni ne da kowa ke baje kolinsa, ba duk abin da ke ciki ne na masu shafin ba.

Haɗin da ya cancanci kuɗinka shi ne na kamfanin da kansa, kyamara da gilashinta na farko, kamar 16-50mm na Sony ko 18-45mm na Canon. Abin da ya rage a aljihunka ka sa a gilashi mai buɗewa sosai, irin 50mm f/1.8, da batir na biyu na asali. Wannan gilashi shi ke ba da hoton nan mai narkakken baya da ake so, kuma yana jure ƙarancin haske a ɗakin taro.

Tambaya daga Kumo: Kawuna zai tafi Umara a Disamba, zai biya ta Dubai. In ba shi kuɗi ya sayo mini?

Hanya ce mai kyau idan ka sauƙaƙa wa Alhaji aikin. Ƙasashen Larabawa suna da nasu rangwamen a ƙarshen Nuwamba, wanda aka fi sani da White Friday, Dubai kuma tana da bikin sayayyarta da ke farawa a Disamba ya shiga Janairu. Harajin VAT a Daular Larabawa kashi 5 ne, kuma baƙo yana iya karɓar mafi yawansa a filin jirgi idan shagon yana cikin tsarin mayarwa kuma an yi rajistar rasit da fasfo. A Saudiyya harajin kashi 15 ne. Ka tura masa cikakken suna da lambar kyamarar da hotonta, ka ce idan babu ita kada ya karɓi “mai kama da ita”. Ya saya a babban shago, ya karɓi rasit.

Garanti fa yawanci na yanki ne. Wadda aka saya a Amurka, alal misali, garantin Canon ɗinta na Amurka da Kanada ne. Ka ɗauka cewa idan ta lalace gyara daga aljihunka zai fito. A kunna ta a shagon a tabbatar akwai Turanci a cikin harsunanta, domin wasu kyamarorin Sony da aka yi don kasuwar Japan Japananci kaɗai suke nunawa. Batir na ƙari kuma a jakar hannu ake sa shi, dokar jiragen sama ba ta yarda a jefa shi cikin babban akwati ba.

Tambaya daga Azare: Wani a Instagram yana sayar da Sony A7 III “sabuwa a kwali” a rabin farashi, ya ce bonanzar Black Friday ce, amma sai na tura kuɗi zai sa a mota. Ya nuna mini bidiyon shagonsa.

Kada ka tura ko sisi. Ribar dillali a kan kyamara ba ta da faɗin da zai zubar da rabi ya tsira, kuma bidiyon shago kowa na iya saukewa daga shafin wani. Idan da gaske yake, ka sa wani naka da ke garin ya je ya gani da idonsa, ko a yi biya bayan kaya sun iso hannu.

Ni ban ƙi ta hannu ba, hasali ma a nan ne mai ƙaramin jari ya fi samun sa'a. Bayan rangwamen Nuwamba da Disamba mutane da yawa a Turai da Amurka kan sayar da tsofaffinsu, kuma kamfanoni irin MPB da KEH suna duba kayan hannu su rubuta matsayin kowanne, har da garanti na 'yan watanni. Abin da nake ƙi shi ne a sayar maka ta hannu da sunan sabuwa.

Idan kyamarar na gabanka, ka je da memorinka da kwamfuta. Ka ɗauki hoto ka duba adadin bugun shata, wato yawan hotunan da kyamarar ta taɓa ɗauka. A Sony da Nikon yana ɓoye cikin bayanan hoton, akwai shafukan da ke karanto shi kyauta, Canon kuwa sau da yawa sai an haɗa ta da manhaja. Wannan adadi ba ya faɗin komai da komai, domin wadda aka yi shekaru ana bidiyo da ita za ta iya nuna kaɗan alhali ta sha aiki, don haka ka dubi ramin HDMI, inda ake haɗa ta da talabijin, da na caji ko sun yi sako-sako, da kan sukurori ko an taɓa kwance su. Ka rage buɗewar gilashi zuwa saitin f/16 ka ɗauki farin bango ko sararin sama, duk wani tabo da ke kan sensa, wato farantin da ke kama hoto a cikin kyamara, zai bayyana. Ƙura ana goge ta, karce kuwa gyaransa na da tsada. Ka gwada ramukan memori duka biyun. Daga nan ka bar ta tana ɗaukar 4K na minti ashirin ka ga ko alamar zafi za ta fito, don wadda ta yi gumi a inuwar shago ba za ta kai labari ba a zafin Afrilu na Azare. Ka tuna ita A7 III tana yanke bidiyo da kanta a ƙasa kaɗan da minti talatin, haka aka ƙera ta, ba lalacewa ba ce.

Idan ta zama taka a wannan lokaci na hunturu, ka kula da sauya gilashi. A yawancin marasa madubi sensa a buɗe take da zarar ka cire shi, babu madubin da ke tare ta kamar a tsohuwar kyamara mai madubi, wato DSLR. Ka kashe ta tukuna, ka shiga mota ko ɗaki, ka kifa bakinta ƙasa, sannan ka sauya. Ka sayi robar hura iska ka ajiye a jaka, kuma kada ka hura da baki.