Da gaske ne gwamnatin Amurka tana biyan manomi ko bai shuka ba?

Tambaya: Ni manomin masara ne a Funtua. Na ji ana cewa a Amurka gwamnati tana zuba wa manoma kuɗi a asusu, har da wanda bai shuka komai ba. Da gaske ne, ko hirar majalisa ce kawai?

Amsa: Malam, maganar tana da tushe, sai dai ba talaucin manomi ake dubawa ba. Gonar ake dubawa.

Abin ya faro ne a 1933, zamanin Shugaba Roosevelt, lokacin da farashin amfanin gona ya faɗi warwas. Yau kusan duk gundumar da ake noma tana da ofishin ma'aikatar gona ta tarayya, da kwamitin da manoman yankin ke zaɓa. Shiga irin wannan ofis a jihar Iowa a watan Yuli, za ka tarar da manomi sunkuye a kan hoton gonarsa da aka ɗauka daga sama, yana nuna wa ma'aikaciya inda ya sa masara da inda ya sa waken suya.

Ga inda gizo ke saƙar. Gona tana da adadin eka da aka rubuta mata tun shekarun baya, bisa abin da aka saba nomawa a cikinta, kuma a kan wannan rajistar ake biya, ba a kan shukar bana ba. Dokar gona ta 2014 ta tsayar wa masara dala 3.70 a kan awo ɗaya, awon nasu kuwa ya kai kilo 25; in farashin kasuwa ya gaza haka, gwamnati ta biya giɓin. A ce farashin shekara ya sauka zuwa 3.50, gonar kuma tana da eka 100 a rajista, kowace an yi mata lissafin awo 150. Giɓin dala 0.20 ne a kowane awo, kuma kashi 85 cikin ɗari na ekar ake biya, wato dala 2,550 ke nan, ko da mai gonar waken suya ya shuka a wannan damina. Wanda ya fi so kuma yana iya zaɓar tsarin da ke duba samun gundumarsa baki ɗaya: in ya yi ƙasa a biya shi, ko da nasa rumbun ya cika.

Wanda ka ji ana biya bai shuka ba, galibi shirin 1985 ne na hutar da ƙasa. Gwamnati ce ke karɓar hayar gonar da zaizaya ke ci, na shekara 10 zuwa 15, a bar ta da ciyawa ko itatuwa.

To, tunda eka ake ƙirgawa, mai eka dubu biyar shi ke kwashe romon. Mai noman tumatir da latas kuwa ba ya cikin wannan lissafin farashi. Dokar 2014 ta sa iyakar dala 125,000 ga mutum ɗaya a shekara, amma a gonar haɗin gwiwa kowane abokin tarayya da nasa kason, don haka a ganina iyakar ba ta hana manya komai.

Hayaƙin ma ya iso har nan kusa da mu. A 2003 Chadi da Mali da Benin da Burkina Faso sun kai kuka ƙungiyar cinikayya ta duniya, cewa tallafin da ake ba masu noman auduga a Amurka yana karya farashin tasu audugar.