Mutt Ta Ƙi Harhaɗuwa a Ubuntu: Ina Matsalar Take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sauko da asalin kod ɗin manhajar imel ta Mutt domin in harhaɗa ta (wato in mayar da kod ɗin manhaja mai aiki) da kaina a Ubuntu, wani nau'in Linux. Da na rubuta ./configure, umarnin da ke duba ko kayan harhaɗawa sun cika, sai ta tsaya, ta ce "no curses library found", alhali na duba ncurses na cikin kwamfutar. A taimaka mini.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ncurses, wato laburaren da Mutt ke nuna rubutu a allo da ita, na ciki, ba ka yi ƙarya ba, sai dai rabinta ce ke ciki. Debian da Ubuntu kan raba kowace laburare gida biyu: wadda manhajoji ke amfani da ita idan suna aiki, da wadda ake buƙata lokacin harhaɗawa. Ta biyun ce ke ɗauke da fayilolin da ke ƙarewa da .h, kuma sunanta kan ƙare da -dev. Ita configure ke nema. Rubuta wannan:

sudo apt install build-essential libncurses-dev libssl-dev libsasl2-dev

A Fedora, wani nau'in Linux ɗin, irin waɗannan sunayen da -devel suke ƙarewa. Akwai kuma hanya mai sauƙi, wato sudo apt build-dep mutt, wadda ke kwaso duk abin da Ubuntu ta yi amfani da shi wajen harhaɗa tata Mutt ɗin. Sharaɗin shi ne ka fara kunna deb-src a jerin wuraren da apt ke sauko da kaya.

Ka kula da abu ɗaya da mu masu rubuta Hausa ya shafa kai tsaye: ka tabbatar configure ta ɗauki ncursesw, mai w a ƙarshe. In ba ita ba, ƙ da ɗ da ɓ na iya fitowa a hargitse cikin saƙonninka. Kada kuma ka manta da sa wa configure --enable-imap, --enable-smtp, --with-ssl da --with-sasl, in ba haka ba za ka gama wahala ka tarar ba ta iya magana da Gmail.

Tambaya: Malam, ni configure ta wuce lafiya. A make, umarnin da ke yin ainihin harhaɗawar, ne rubutu ke ta zubowa, ƙarshe ya tsaya a "Error 1".

Amsa: Wannan layin na ƙarshe sanarwa ce kawai cewa aiki ya tsaya, bai faɗi dalili ba. Dalilin yana can sama. Mutane da yawa layin ƙarshe suke kwafa su nemi taimako da shi, shi ya sa ba sa samun amsa. Sake gwadawa da make -j1 2>&1 | tee sakamako.txt, ka buɗe fayil ɗin, ka nemi wurin da kalmar error ta fara bayyana. Sauran galibi 'ya'yan na farkon ne.

Idan ka ga "multiple definition", to tsohon kod ne ya haɗu da sabon GCC, wato manhajar da ke harhaɗa kod ɗin. Tun daga GCC 10, wanda ya fito a 2020, an daina yin shiru kan suna ɗaya da aka ayyana a fayiloli da dama. GCC 14 na 2024 ya ƙara tsanani, ya mayar da "implicit declaration of function" kuskure, alhali a da gargaɗi ne kawai. Idan kuwa ƙorafin "incomplete type" ne a fayil ɗin SSL, laburaren tsaron sadarwa OpenSSL 1.1.0 ta 2016 ce ta rufe cikin wasu sassanta da tsofaffin manhajoji ke leƙawa kai tsaye.

Za ka ji ana cewa ka sa CFLAGS=-fcommon matsalar "multiple definition" ta wuce. Tana wucewa kuwa, amma ban ba ka shawarar ba. Michael Elkins ya fara Mutt tun 1995, tsofaffin kwafinta sun cika intanet, kuma manhajar da ke riƙe da kalmar sirrin imel ɗinka bai kamata ta zama mai tsofaffin ƙofofin ɓarna da aka riga aka toshe ba. Sauko da sabuwa daga shafin Mutt. Kafin ka sake configure bayan kowane gyara, yi make distclean domin ragowar aikin baya ya fita, idan kuma configure ta sake tsayawa, cikakken bayanin na cikin config.log.