Tambaya da Amsa: Ina koyar da kimiyya da Turanci, amma yaran hadda kawai suke yi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a kwalejin horar da malamai, kuma a halin yanzu ina gwajin koyarwa a wata ƙaramar sakandare, inda aka ba ni darasin kimiyya a aji ɗaya. Dokar makarantar ita ce a koyar da darussa da Turanci, alhali kuwa yawancin yaran ba sa jin Turanci a ko'ina sai a cikin aji. Nakan shirya darasina da kyau, in rubuta bayani a allo su kwafa, idan na tambaye su ko sun gane sai su amsa baki ɗaya cewa sun gane, amma da na yi musu ɗan gwaji sai na tarar jimlolin kawai suka haddace. Idan na yi bayani da harshen gida sai ajin ya farfaɗo, sai dai ina tsoron kada malamin da ke zuwa duba mu ya rage mini maki. Shin laifi ne in riƙa sirka harsuna biyu? Kuma gyaran Turancinsu aikina ne ko na malamin Turanci?

Daga wata ɗaliba mai gwajin koyarwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Na ji daɗin wasiƙarki ƙwarai, musamman da yake ba ki gamsu da amsar da aji ke bayarwa baki ɗaya ba, kika bi diddigi har kika gano abin da ke ƙarƙashinta. Wannan amsa ta taron murya ita ce ta fi yaudarar sabon malami, domin yaro yana faɗinta ne don ladabi ko don gudun kunya a gaban 'yan'uwansa, kuma ba ta nuna komai game da abin da ya shiga kansa.

Abu na farko da nake so ki riƙe shi ne, yaron da ake koya wa kimiyya da harshen da bai ƙware a kai ba, aiki biyu yake yi a lokaci guda: yana ƙoƙarin gane yadda abu ke faruwa, yana kuma ƙoƙarin kwance jimlar da aka naɗe bayanin a ciki. Idan nauyin ya yi masa yawa, sai ya zaɓi hanyar da za ta fisshe shi a jarrabawa, wato hadda. Masanin ilimin harshe Jim Cummins ya bambanta, tun a 1979, tsakanin harshen hira ta yau da kullum da harshen karatu, wato na ba da dalili, da kwatanta abu da abu, da bayyana sakamako. Binciken da ya yi kan 'ya'yan baƙi a birnin Toronto na Kanada ya nuna cewa yaro kan iya hira da sabon harshe cikin kimanin shekara biyu, amma yana buƙatar shekara biyar zuwa bakwai kafin ya kamo takwarorinsa a harshen karatu. Ki lura cewa waɗannan yara suna jin Turanci a titi da filin wasa, abin da ɗalibanki ba su samu ba. Don haka kada gaisuwa mai kyau da Turanci ta sa ki ɗauka yaro zai iya bayyana miki dalilin da ya sa ƙarfe ke buɗewa idan ya ji zafi.

Matsalar kuma ta girmi ajinki. Ƙasar Malesiya ta fara koyar da lissafi da kimiyya da Turanci a 2003, amma a 2009 gwamnati ta ba da sanarwar janye tsarin daga 2012, kuma daga cikin dalilan da aka bayar akwai yadda aka bar yaran karkara a baya da kuma ƙarancin malaman da Turancinsu ya isa su koyar da shi.

Game da tambayarki ta farko, ra'ayina shi ne ba laifi ba ne ki yi amfani da harshen gida, matuƙar kin tsara inda zai shigo da kuma inda zai tsaya. Abin da nake gargaɗinki a kai shi ne fassara kowace jimla, ki faɗe ta da Turanci sannan nan take ki maimaita ta da harshen gida. Yara suna da wayo. Da zarar sun gane fassara na tafe, sai su toshe kunne daga Turancin su jira ta, lokaci ya tafi, Turancin kuma bai ƙaru ba.

Bari in nuna miki yadda nake nufi da darasin ƙafewar ruwa. Kafin ki rubuta ko kalma ɗaya, ki jiƙa tsumma ki shafa a wurare biyu a jikin allo, ki sa yaro ɗaya ya riƙa yi wa ɗayan wurin fifita da littafinsa. Kowa zai ga wurin da ake yi wa fifita ya riga ɗayan bushewa. Sai ki yi tambaya da Turanci mai sauƙi: ina ruwan ya tafi, kuma me ya sa wannan ya riga wancan? Ki ba su minti biyu su tattauna bibbiyu da duk harshen da ya fi musu sauƙi, ke kuma ki zaga tsakanin kujeru kina saurare. A nan ne za ki ji wani yana cewa allon ne ya shanye ruwan, wanda kuskure ne na fahimtar kimiyya da ba za ki taɓa jin sa ba da a ce Turanci kaɗai kika yarda a yi. Bayan haka sai ki ba su sunan abin da suka gani da Turanci, ki rubuta musu rabin jimla a allo, irin mai cewa ruwan ya fi saurin bushewa a wuri kaza saboda kaza, kowa ya cike sauran da kansa, wasu su karanta nasu a fili. Tunanin ya gudana da harshen da suka mallaka, amma abin da ya shiga littafi, wanda kuma za a tambaye su a jarrabawa, da Turanci ya shiga.

Wannan ya kawo mu tambayarki ta biyu. Malamin Turanci zai koya musu nahawu da insha'i, amma ba shi zai koya musu yadda ake rubuta rahoton gwaji ko yadda ake karanta jadawali ba. Wannan harshen darasinki ne, kuma ke ce mai shi. A shirin koyar da darussa cikin harshen Faransanci ga yaran da Turanci ne harshen gidansu, wanda aka fara a garin Saint-Lambert na Kanada a 1965, yaran sun kai matsayi mai kyau wajen fahimtar abin da suka ji ko suka karanta, amma masaniyar ilimin harshe Merrill Swain ta lura a 1985 cewa maganarsu da rubutunsu sun kasa kai wannan matsayi, ta kuma danganta hakan da ƙarancin damar da suke samu ta yin doguwar magana da kansu. Saboda haka a kowane tsarin darasi, ki rubuta kalmomi kaɗan da siffar jimla guda da kike so su iya amfani da su kafin a tashi. Idan kuma kina duba aikinsu, ki fara auna ko kimiyyar daidai ce, sannan ki gyara kuskuren Turancin da ke ɓata ma'ana, ki bar sauran zuwa wani lokaci, domin littafin da ya cika da jan biro yana kashe wa yaro gwiwa.

Akwai kuma wani abu mai sauƙi da sababbin malamai ke mantawa saboda fargabar shirun aji. Mary Budd Rowe, wata masaniyar koyar da kimiyya a Amurka, ta gano a farkon shekarun 1970 cewa malamai kan jira kimanin daƙiƙa ɗaya ne kawai bayan sun yi tambaya, kuma idan aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi kan ƙara tsawo, masu ɗaga hannu su ƙaru. Yaron da sai ya haɗa amsarsa da wani harshe kafin ya furta ya fi kowa buƙatar wannan jira.

Dangane da malamin da ke duba ku, shawarata ita ce kada ki riƙa yin wani irin darasi a ranar zuwansa, sannan wani iri dabam idan ba ya nan. Ki fara samun malamin da aka haɗa ki da shi a makarantar, ki tambaye shi iyakar abin da dokar ta hana, domin sau da yawa abin da ake gudu shi ne malami ya mayar da darasin gaba ɗaya harshen gida. Sannan ki rubuta ƙarara a cikin tsarin darasinki cewa a mataki kaza ɗalibai za su tattauna na minti biyu da harshen da suka zaɓa, su kuma gabatar da sakamako da Turanci, ki nuna wa mai duba ku tun kafin ya shiga ajin. Idan makarantar ta ce sam ba ta yarda ba, ki bi dokarta tunda baƙuwa ce ke a cikinta, ki ƙara dogaro da abubuwan da ake gani da ido, da zane, da gajerun jimloli, sannan ki rubuta abin da kika lura da shi a rahotonki na ƙarshen gwaji, ki haɗa da samfurin aikin yaran domin malamanki na kwaleji su gani.