Wane lens zan riƙe zuwa bikin abokina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Abokina zai angwance ƙarshen wata. Ɗaurin aure da hantsi ne a ƙofar masallaci, dina kuma da daddare a ɗakin taro. Sun riga sun ɗauki mai hoto, ni gayyatata kawai aka yi, amma ina so in ɗauki nawa. Kyamarata Nikon D3500 ce, da lens 18-55mm da ya zo tare da ita. Wani ya ce in aro 70-200mm, wani kuma ya ce in sayi 50mm. Wanne ya fi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah ya sanya alheri. Duk biyun ba su nake ba ka shawara ba. Idan da hali, nemi AF-S DX 35mm f/1.8G, ka haɗa da wanda kake da shi.

Bari mu fara sallamar 70-200mm. Mai f/2.8 ɗin (lambar f tana nuna faɗin ƙofar da haske ke shiga lens; iya ƙanƙantar lambar, iya faɗin ƙofar) ya kai kusan kilo ɗaya da rabi, kafin a kai ga yanka kek wuyanka ya gaya maka. Kayan aikin wanda aka biya ne, mai tsayawa can nesa ya jawo fuskar amarya. Kai kana teburi cikin abokan ango, wanda za ka ɗauka yana kusa da gwiwar hannunka. Ga kuma wata matsala: da an hango ka da wannan zungureren lens, kowa zai ɗauka kai ne mai hoton biki, sai ka kwana ana "zo ka ɗauke mu".

Shi 50mm lens ne mai kyau, sai dai ba a kan kyamararka a cikin cunkoso ba. Sensar D3500, wato ɗan farantin da hoto ke sauka a kai a cikin kyamara, ƙarama ce, don haka kowane lens ka ɗora sai ka ninka lambarsa sau ɗaya da rabi. 50mm zai zame maka kamar 75mm. Mutum ɗaya daga ƙirji zuwa hula zai fito tsaf, amma abokai huɗu a tsaye sai ka yi ta ja da baya har ka ture kujerar wani. 35mm kuwa yana komawa wajen 52mm, kusan yadda ido ke gani, kuma nauyinsa giram 200 ne kacal. Idan duk da haka zuciyarka na kan 50mm, ka kula: akwai tsohon mai harafin D a ƙarshe, yana da araha, amma ba ya saita kansa a kan D3500, sai da hannu. Mai G za ka nema.

Asalin dalilin sayen lens ɗin shi ne daren dina. Na hannunka, idan ka jawo shi zuwa 55mm, ƙofar haskensa ba ta buɗewa fiye da f/5.6. A f/1.8 hasken da ke shiga ya ninka wannan kusan sau goma. Ɗakunan taron nan duhu gare su, sai fitilu masu launi da ke yawo, mutane kuma ba sa tsayawa wuri ɗaya. Lokacin liƙi kana buƙatar saurin ɗauka kamar 1/250 na sakan, in ba haka ba hannaye da kuɗin duk su zama hayaƙi. Ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, zuwa 1600 ko 3200, kada ka ji tsoro. Gara hoto mai ɗan tsaki-tsaki da wanda ya dagule.

Amma f/1.8 yana da tarko: inda ka saita kawai ke fitowa tsaf, abin da ke gabansa ko bayansa sai ya dushe. Na taɓa ɗaukar ango da amarya suna shigowa, ita tana gaba da taki ɗaya. Kwalliyar idonta ta fito har ana ƙirga gashin ido, shi kuwa gogan kamar an shafa masa man kaɗanya a fuska. Mutum ɗaya, buɗe shi duka. Biyu, koma f/2.8. Ƙawaye cikin anko sahu biyu, f/4 ko sama, ka nemi inda haske ya fi.

Wajen ɗaurin aure 18-55mm ya ishe ka, rana ta biya maka komai. Sa shi a f/8. Farar shadda a rana tana ƙonewa a hoto har aikin wuyan riga ya ɓace, don haka rage haske kaɗan. A 18mm za ka kwashe taron duka, sai dai wanda ke gefe zai fito a miƙe kamar an ja shi. Kada ka sauya lens a fili, balle lokacin hunturu; shiga mota ko ɗaki, bakin kyamara na kallon ƙasa.

Hotunan jere ka bar wa mai hoto, kada ka shiga gabansa, kada filashinka ya ci karo da nasa. Naka su ne waɗanda ba zai gani ba: dattijo ya ɗaga hannu ana fatiha, yaro yana cusa dabino a aljihu, ango ya sunkuyar da kai abokai na tsokanarsa. A ɓangaren mata kuwa ka nemi izini kafin ka ɗaga kyamara, ka sake nema kafin hoton kowa ya hau Facebook ko WhatsApp.