Amsa ga ƙanena mai son koyon fiɗar jijiyoyin da ke juya ido

Ƙanena, saƙonka ya iso ni, kuma kai ne mutum na uku a wannan wata da ya nemi in nuna masa hanyar fitowa waje domin ƙwarewa a tiyatar ƙwaƙwalwa. Kai har ɓangare ka zaɓa, wato fiɗar curin jijiyoyin jini da ke taɓa jijiyoyin da ke juya ido, saboda wani bidiyo na minti goma ya burge ka. Ba zan taɓa maganar takardu ba. Ka dai sani cewa horon tiyatar ƙwaƙwalwa kaɗai shekara 6 ne a Jamus, 7 a Amurka, 8 a Ingila, kuma duk wannan kafin a fara maganar ɓangaren da kake kwaɗayi.

Cikin jijiyoyi 12 masu kai saƙo (ba na jini ba) da ke fita daga ƙwaƙwalwa ta kowane gefe, uku ne ke juya ido: ta 3, ta 4 da ta 6. Idan ta 3 ta samu matsala, fatar ido takan sauko, idon ya karkata waje da ƙasa, baƙin tsakiyarsa kuma ya buɗe. Idan ta 6 ce, idon ba ya iya leƙawa waje, sai mutum ya zama kamar mai harara-garke yana gani biyu-biyu. Ta 4 ita ce mafi siranta, ita kaɗai ke fita ta bayan tushen ƙwaƙwalwa, wato sashen da ya haɗa ƙwaƙwalwa da lakar baya, kuma ranar da na fara ganinta a ƙarƙashin madubin tiyata sai da hannuna ya yi rawa. Curin da muke kira kabanoma tarin jijiyoyin jini ne masu siririn bango, jini na tafiya cikinsu a hankali, shi ya sa hoton jijiyoyin jini ba ya nuna shi, sai hoton MRI, wanda ake ɗauka da na'urar maganaɗisu. Yakan yi tsiyaya kaɗan-kaɗan, kuma idan yana zaune a tushen ƙwaƙwalwa, inda cibiyoyin jijiyoyin nan suke, ɗigo kaɗan ya isa ya rufe wa mutum ido.

Abin da bidiyon bai nuna maka ba shi ne yawancin masu wannan curi ba a yi musu fiɗa, bibiya kawai ake yi. Ba a shiga sai curin ya sake zubar da jini ko ya kusanto saman tushen ƙwaƙwalwa, domin hanyar isa gare shi tana iya yin ɓarnar da ta fi ciwon. Sau da yawa akwai wata jijiyar kwashe jini kwance a gefensa wadda dole a bar ta, wanda ya ƙona ta kuwa ya jawo wa majinyaci kumburi da mutuwar sashen. Wasu matsalolin ma, kamar ɓulewar babbar jijiyar jini a kogon da ke bayan ido, yanzu ta siririn bututu ake toshe su daga cinya, ba tare da an buɗe kai ba.

Ni shekara biyu na yi ina riƙe da bututun zuƙe jini, babban likitanmu bai taɓa bari na kusanci jijiya ba, alhali waɗanda suka zo bayana ana ba su dama. Har yau abin yana yi mini ciwo. Amma wanda ya fi shi ciwo shi ne wata mata da muka cire wa curin tsaf, hoto ya fito fes, fatar idonta kuwa ta ƙi ɗagawa. Mun jira ta kusan shekara, kamar yadda ake jira kafin likitocin ido su gyara tsokokin, kuma da jijiyar ta fara farfaɗowa sai ta ɓata hanya, idan ta duba ƙasa fatar ta ɗaga sama. Tana gaishe ni da fara'a duk zuwanta, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. A shekarata ta bakwai aka bar ni na cire nawa na farko, mutumin ya farka yana bin yatsana da idanu biyu, kuma ba na jin kunyar cewa na yi alfahari da wannan rana.

Idan har yanzu kana kan bakanka, ka yi wata shida kana duba motsin idon duk majinyacin da ya zo gabanka, ka rubuta wace jijiya kake zargi da dalilinka. Ka turo mini abin da ka tara, sannan mu yi maganar wasiƙar shaida da ka roƙa.